Yadda Ake Samun Sahihin Lokaci: Daga Agogon Masallaci a Keffi Zuwa Turakun Sadarwa

A watan azumi, idan rana ta doshi faɗuwa a garin Keffi da ke Jihar Nasarawa, kunnuwan jama'a kan koma ga lasifikokin masallatai. Wani ladan zai kira salla, wasu su kai dabino baki, wasu kuma su dakata suna duban wayoyinsu, sai bayan minti biyu ko uku a ji kiran wani masallacin daga unguwar da ke maƙwabtaka. Rana ɗaya ce ta faɗi a kan garin, kuma sau da yawa jadawalin lokutan salla iri ɗaya ne ke manne a bangon masallatan. Bambancin yakan fito ne daga agogon da kowane ladan ya duba.

Minti uku ba ƙaramin abu ba ne ga mai azumi. Ga kamfanin wayar salula kuwa, kuskuren da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya katse kira. Matsalar ladan da ta injiniya tushensu ɗaya ne, domin kowane agogo abu biyu ne aka haɗa: abin da ke bugawa a kai a kai, da abin da ke ƙirga bugun. Ingancin agogo ya rataya ne a kan daidaituwar wannan bugu da kuma tsabtar siginar da ke ɗauke da shi. A yau kayan da ake buƙata domin cimma hakan sun yi arahar da ɗalibin kimiyya ko mai gyaran rediyo zai iya haɗa su a kan teburinsa.

Lokacin rana da lokacin agogo

Duniya tana juyawa digiri ɗaya a cikin kowane minti huɗu, shi ya sa rana ke riga fitowa a gabas. Tsakanin Maiduguri da Legas akwai tazarar kusan digiri goma, don haka rana kan kai tsakiyar sama a Maiduguri kusan minti 39 kafin ta kai a Legas. Amma ƙasa ba za ta tafiyar da jirgin ƙasa da wayar tangaraho da agogo daban-daban ba. Tun ranar 1 ga Satumba, 1919, Najeriya ke amfani da lokaci guda, wanda ke gaban na Greenwich a Ingila da awa ɗaya.

Wannan lokaci na hukuma an gina shi ne a kan layin digiri 15 na gabas, alhali Keffi na kusa da digiri 8. Saboda haka rana ba ta tsayawa a tsakiyar saman Keffi da ƙarfe 12:00 daidai. A matsakaici tana yin latti da kusan minti 28, kuma lattin yana sauyawa a cikin shekara, domin hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, kuma duniyar a karkace take. A farkon Nuwamba zawali kan kama wajen ƙarfe 12:12, a tsakiyar Fabrairu kuma wajen 12:43. Malaman da ke lissafa jadawalin salla suna la'akari da duk wannan. Sai dai komai kyawun lissafin, amfaninsa yana tsayawa ne a inda gaskiyar agogon bango ta tsaya.

Abin da ke cikin agogo

A shekarar 1656 masanin ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya ƙera agogo mai lilo, wanda ke ƙirga kai-komon wani ƙarfe da aka rataye. Wannan salo ya mamaye duniya fiye da shekara 250. Sauyin ya fara ne daga wani bincike na shekarar 1880, lokacin da 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa dutsen kwaz, wato farin dutsen nan mai ƙyalli da ke cikin dangin ƙanƙarar dutse, yana fitar da lantarki idan aka matsa shi. Daga baya aka tabbatar da cewa idan aka ba shi lantarki shi ma yana motsawa. Idan aka yanka shi da wani girma na musamman, sai ya riƙa kaɗawa da sauri guda, kamar yadda tsirkiyar goge ke ba da amo guda idan ba a taɓa ɗaurinta ba.

Warren Marrison da J. W. Horton sun haɗa agogon kwaz na farko a Amurka a 1927, kuma girmansa ya kai na kabad. Ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da na hannu. Ana samun wannan dutse a duwatsun Jihar Nasarawa, wadda ake yi wa laƙabi da gidan ma'adanai, sai dai wanda ke cikin agogo a masana'anta ake tsirar da shi, domin a samu mai tsabtar da ba shi da gauraye.

Wanda ya buɗe agogon bango zai ga wani ɗan ƙaramin gwangwani siriri, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. A cikinsa kiristal ɗin yake, yana kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka raba shi biyu sau 15 a jere, ɗaya ne ke saura, wato bugu ɗaya a daƙiƙa, wanda shi ke tura hannun agogo. Yawan kaɗawa a daƙiƙa ana auna shi da ma'aunin haz, wanda aka sa wa sunan masanin Jamus Heinrich Hertz. Haz miliyan ɗaya shi ne megahaz, kalmar da masu sauraren rediyo suka saba ji.

Zafi da sanyi

Kiristal ɗin agogon kasuwa yakan fito daga masana'anta da rangwamen kuskure na kashi 20 cikin miliyan. A kunne adadin kamar ba komai ba ne, amma a rana akwai daƙiƙa 86,400. Kashi 20 cikin miliyan na wannan ya kai daƙiƙa 1.7 a rana, kusan minti ɗaya a wata, fiye da minti goma a shekara. Masallatai biyu da suka saita agogonsu tare, ɗaya yana gudu ɗaya yana latti, za su iya rabuwa da minti uku a cikin wata biyu ba tare da laifin kowa ba.

Yanayi yana ƙara nasa. An yanka irin wannan kiristal ne domin ya yi daidai a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya haura haka sai ya rage sauri, idan sanyi ya sauko ƙasa da haka ma sai ya rage sauri, kuma kuskuren yana ninkuwa ne da nisan da aka yi daga digiri 25. A ɗaki mai rufin kwano da ya kai digiri 40 a bazarar Maris da Afrilu, lattin kan kai kashi biyu bisa uku na daƙiƙa a rana, wato kusan daƙiƙa 20 a wata. Sanyin asubar hunturu ma yana cin nasa rabon. Ban da wannan, kiristal yana tsufa, saurinsa na gocewa kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara.

Agogon da ke jingine da wutar lantarki

Akwai wasu agogunan da ba su da kiristal, irin na tsofaffin rediyon gefen gado da na wasu na'urorin girki. Su suna ƙirga kai-komon wutar lantarkin da ke shigowa gida ne, wadda a Najeriya aka tsara ta a kan haz 50. Idan nauyin masu jan wuta ya rinjayi abin da tashoshi ke samarwa, injinan kan rage gudu, adadin ya sauka. Da zai tsaya a kan 49.5, irin wannan agogo zai yi lattin daƙiƙa 36 a kowace awa. Ƙaramin janareta kuwa sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da haz 50, kuma saurinsa na sauyawa da zarar an kunna firji ko dutsen guga.

Ko a Turai an ga haka. Daga tsakiyar Janairu zuwa Maris na 2018, taƙaddama tsakanin Sabiya da Kosobo ta sa an samu giɓi a babban layin wutar nahiyar. Matsakaicin adadin ya sauka zuwa 49.996 kawai, amma agogunan gidaje a ƙasashe fiye da 20 suka yi lattin kusan minti shida.

Daga ƙwayar zarra zuwa tauraron ɗan'adam

Neman bugun da zafi da tsufa ba sa taɓawa ya kai masana ga ƙwayar zarra. A 1955 Louis Essen da Jack Parry suka haɗa agogo mai aiki da sinadarin siziyom a Ingila, kuma a 1967 ƙasashen duniya suka amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke da alaƙa da ƙwayar wannan sinadari. Ofishin awo na duniya da ke Sèvres kusa da Paris yana tattara bayanan ɗaruruwan irin waɗannan agoguna daga ƙasashe da dama, ya fitar da lokacin duniya na bai ɗaya da ake kira UTC. Lokacin Najeriya shi ne UTC a ƙara awa ɗaya.

Hanyar da wannan lokaci ke isowa Keffi ita ce ta sama. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogon ƙwayar zarra, yana shelanta lokacinsa ba dare ba rana. Na'urar da ke ƙasa tana gano inda take ne ta hanyar auna tsawon lokacin da saƙon taurari huɗu ko fiye ya ɗauka kafin ya iso. Saƙon yana tafiyar mita 300 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, don haka taswirar da direba ke bi a waya aikin agogo ce tun daga tushe. Turai da Rasha da Sin ma suna da nasu taurarin, wato Galileo da GLONASS da BeiDou.

Abin da masu sha'awar fannin ke haɗawa

A ƙasashe da dama akwai mutanen da suka mai da auna lokaci abin sha'awarsu, yawancinsu masu rediyon sha'awa ne da tsofaffin ma'aikatan sadarwa da ɗalibai. Matakan da suke bi sanannu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ɗakin gwaji irin na sashen kimiyyar fiziks a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin Nasarawa, ko ma shagon mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen soda.

Mataki na farko shi ne kiristal mai gyara kansa. Akwai wani ɗan guntun lantarki mai lamba DS3231 da ke ɗauke da ma'aunin zafi a cikinsa, yana auna yanayi yana daidaita bugun. Tsakanin digiri 0 da 40 kuskurensa bai wuce kashi 2 cikin miliyan ba, wato kusan minti ɗaya a shekara. Ana haɗa shi da ƙaramar kwamfutar Arduino da allon lambobi, a samu agogon bango da ya fi na kasuwa sau goma.

Mataki na biyu shi ne kiristal mai tanda. A nan ana rufe kiristal ɗin ne a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe mai ɗan abin ɗumama, a riƙe shi a zafi guda da ya fi na kowane yanayi, misali digiri 80, ta yadda bazara da hunturu duk ɗaya ne a wurinsa. Irin wannan yakan ba da megahaz 10, kuma kuskurensa da kashi cikin biliyan ake auna shi. Sabo yana da tsada, amma waɗanda aka ciro daga tsofaffin kayan sadarwa ana samunsu da sauƙi a kasuwannin intanet.

Mataki na uku shi ne a sa tauraro ya zama malamin kiristal. Ƙaramar na'urar karɓar GPS tana fitar da bugu ɗaya a farkon kowace daƙiƙa. Sai a sa kwamfutar ta ƙirga kaɗawar kiristal tsakanin bugu da bugu. Idan ta samu 10,000,000 daidai, babu gyara. Idan adadin ya haura ko ya gaza, sai ta ɗan sauya ƙarfin lantarkin da ke sarrafa kiristal ɗin har ya dawo kan layi.

Dalilin tace sigina

Samun bugu mai daidaito rabin aiki ne. Saura shi ne a isar da shi inda ake buƙata ba tare da datti ba. Yawancin na'urorin zamani suna fitar da siginarsu ne a siffar kunnawa da kashewa, tana tsalle daga ƙasa zuwa sama nan take, ta tsaya, ta faɗo nan take. A allon na'urar duba sigina tana kama da jerin tubala. Wannan siffa ta dace da ƙirge, amma tana ɗauke da abin da ido ba ya gani.

A 1822 masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya wallafa aikin da ya nuna cewa kowace sigina mai maimaituwa tarin sigina ce masu laushi, irin na igiyar ruwa, da aka ɗora kan juna. Akwai uwa, akwai kuma 'yan rakiya da ke kaɗawa da ninkin saurinta. Su ne ke sa a bambanta amon algaita da na sarewa ko da suna busa murya ɗaya. Sigina mai siffar tubala ta megahaz 10 tana tafe da 'yan rakiya a megahaz 30 da 50 da 70 da 90 da 110, har gaba. Na 30 yana da kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin uwar, na 50 kashi ɗaya bisa biyar, haka suke raguwa sannu a hankali.

A nan haɗarin yake. Megahaz 90 yana tsakiyar zangon rediyon FM, wanda ya kama daga 87.5 zuwa 108. Megahaz 110 da 130 kuwa suna cikin zangon da aka keɓe wa jiragen sama, daga 108 zuwa 137, inda na'urorin saukar jirgi da maganar matuƙa da hasumiya suke. Doguwar waya da ba ta da rufi tana zama eriya ba da niyya ba. Ƙaramar na'urar kan tebur ba ta cika wuce damun rediyon maƙwabci ba, amma idan aka yi amfani da siginar wajen tuƙa na'urar watsa shirye-shirye, dattin yana ƙaruwa tare da ita. Shi ya sa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai, NBC, ke da ƙa'idoji kan zangon da kowa zai tsaya a kai, kuma watsa sigina a iska sai da lasisi.

Dattin yana cutar da awon kansa ma. 'Yan rakiyar da suka isa ƙarshen waya suka dawo sukan gurɓata gefen bugun, na'urar ƙirge ta ga bugu biyu a inda ɗaya ne, ko ta gan shi kafin lokacinsa.

Yadda mataci ke aiki

Maganin shi ne mataci, kuma aikinsa irin na rariya ne: ya bar abin da ake so ya wuce, ya tare saura. Kayan haɗinsa biyu ne da kowane mai gyaran rediyo ya sani. Kwayil, wato wayar tagulla da aka naɗe, yana barin sigina mai jinkiri ta wuce, yana tauye mai sauri. Kafasita kuma akasin haka take yi. Idan aka jera kwayil a kan hanyar sigina, aka sa kafasita tsakanin hanyar da layin ƙasa, uwar za ta wuce, 'yan rakiya kuma su tarar da ƙofa a rufe a gaba, ga rami a buɗe a gefe.

Lissafin wannan tsari ya daɗe. Injiniyan Ingila Stephen Butterworth ya wallafa salon da har yau ake kira da sunansa a 1930. Misali, mataci mai gaɓa biyar, wato kwayil biyu da kafasita uku, da aka sa iyakarsa a megahaz 12, zai bar megahaz 10 ya wuce da 'yar asara, amma zai rage na 30 kusan sau ɗari. Ɗan rakiyar da ya shigo da kashi ɗaya bisa uku zai fita da kimanin ɗaya bisa ɗari uku, na sama da shi kuma su kusa ɓacewa. Abin da ke fitowa sigina ce mai laushi da za a iya tura ta doguwar waya mai rufi, muddin an daidaita nauyin wayar da na na'urorin da ke bakinta biyu, wanda a wannan fanni galibi om 50 ne.

Sai dai tacewa tana da iyaka. Kowane mataci yana ɗan jinkirta siginar da ke ratsa shi, kuma gwargwadon ƙuncinsa gwargwadon jinkirin. Matsalar ita ce jinkirin yana sauyawa da zafi. Wanda ya matse matacinsa ƙwarai domin neman cikakkiyar tsabta zai iya samun sigina mai kyaun gani wadda lokacinta ke gaba da baya tsakanin rana da dare. Don haka gogaggu kan bar wa mataci 'yar sarari, su zaɓi kafasitar da zafi ba ya motsa ta, su kuma nisanta shi daga tanda. Bugun daƙiƙa na GPS kuwa ba a sa masa irin wannan mataci ko kaɗan, domin kaifin gefensa shi ne saƙon da yake ɗauke da shi.

Tacewa iri biyu da ba a gani

Akwai tacewa ta biyu da ke faruwa a cikin lissafin kwamfuta. Bugun GPS yana da gaskiya a dogon zango, amma daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa yana rawa da 'yan gomomin kashi cikin biliyan, saboda sararin sama da katangu da bishiyoyin da saƙon ke ratsawa ko karo da su. Kiristal mai tanda kuma tsayayye ne a gajeren lokaci, amma yana gocewa a kwanaki. Wanda ya sa kiristal ya bi kowace rawar tauraro ya lalata shi. Abin da ake yi shi ne a tara awo na ɗaruruwan daƙiƙoƙi, ko ma dubu, a ɗauki matsakaici, sannan a yi gyara ɗan kaɗan. Hanyar gano inda ya kamata a tsaya ta samo asali ne daga lissafin da David Allan na Amurka ya gabatar a 1966. Amfanin wannan tsari shi ne ko saƙon tauraro ya ɗauke, kiristal ɗin zai riƙe lokaci na sa'o'i da kansa.

Ta uku ita ce tace wutar da ke ciyar da na'urar, kuma ita ta fi shafar mai aiki a Najeriya. Cajar waya mai araha da inbata da janareta duk suna zuba hayaniya a cikin waya, hayaniyar kuma tana shiga kiristal ta fito a matsayin rawar lokaci. Ɗaukewar wuta ma tana sanyaya tanda, kuma kiristal ɗin kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin ya koma cikakkiyar natsuwarsa. Batir da ake cajawa da sola, tare da na'urar daidaita ƙarfin wuta mai shiru, shi ne mafita mafi sauƙi.

Abin da ya shafi ƙasa

Abin da mai sha'awa ke haɗawa a tebur shi ne ƙaramin samfurin abin da ke ƙasan turakun sadarwa. Ƙa'idar GSM, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2001, ta tanadi cewa kuskuren babban turke kada ya wuce kashi 50 cikin biliyan, in ba haka ba waya ba za ta iya sauya turke ba yayin da mai ita ke cikin mota a hanyar Keffi zuwa Abuja. Tsarin 5G, da aka fara a ƙasar a 2022, ya fi tsanani, domin turaku suna karɓa-karɓa ne tsakanin aikawa da saurare a zango ɗaya, kuma dole su yi daidai da juna cikin kimanin kashi ɗaya da rabi bisa miliyan na daƙiƙa. Lambar sirri ta banki da ke sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi ita ma ba ta aiki sai agogon abokin ciniki da na banki sun yarda da juna. Injiniyoyin wutar lantarki kuma da tambarin lokaci suke gano layin da ya fara faɗuwa idan babban layi ya durƙushe.

Dogaro da taurarin wasu ƙasashe yana da nasa haɗarin. Ranar 26 ga Janairu, 2016, yayin da ake janye wani tsohon tauraro daga aiki, an aika wa wasu taurarin GPS bayanin da ke da kuskuren kashi 13 bisa miliyan na daƙiƙa. Kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama sun sha ƙararrawar gargaɗi na sa'o'i, kuma wasu tashoshin rediyon dijital na BBC sun samu tangarɗa. Najeriya tana da tubalan farko a wannan fanni: tauraron NigComSat-1R da aka harba daga Sin ranar 19 ga Disamba, 2011 yana ɗauke da sashen inganta saƙon taurarin taswira, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, tana da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu. Abin da irin waɗannan cibiyoyi da kamfanonin sadarwa ke buƙata shi ne ma'aikatan da suka san kiristal da mataci da hannunsu, kuma wannan ilimi daga ƙananan ayyukan ɗalibai yake farawa.

Ga masallatai da makarantu da gidaje kuwa, gyaran ba ya cin kuɗi. Wayar da aka bar ta tana karɓar lokaci daga layin sadarwa ko intanet da kanta ta fi agogon bango gaskiya, don haka ya dace a riƙa saita agogon da ita sau ɗaya a mako, misali kowace Juma'a, da kuma daren farko na azumi. A rataye agogo a bangon da rana ba ta dukansa, nesa da rufin kwano, a sauya batir kafin ya raunana, a kuma tabbatar jadawalin da ake dubawa na garin ne, domin na Kano ko na Legas ba zai yi daidai da faɗuwar rana a Keffi ba.